Elkhart: Yadda Rashin Aikin Yi Ke Hawa da Sauka a Ƙaramin Yankin Birni

Yankin Elkhart da Goshen, wanda ke arewacin jihar Indiyana ta ƙasar Amurka, daf da iyakarta da jihar Mishigan, yana cikin ƙananan yankunan biranen da masana tattalin arziki da 'yan jaridar ƙasar suka fi zuba wa ido, duk da cewa ƙidayar shekarar 2020 ta nuna mazaunansa ba su wuce mutum 207,000 da 'yan kai ba. Abin da ya jawo masa wannan kulawa shi ne yadda adadin marasa aikin yi ke hawa da sauka a cikinsa da saurin da ba a cika gani a wani wuri ba. A shekarar 2007 adadin bai kai kashi 5 cikin 100 ba, a watan Maris na 2009 ya kusa kashi 20, a 2018 ya sauko zuwa wajen kashi 2, a watan Afrilun 2020 ya doshi kashi 30, sannan kafin ƙarshen 2021 ya koma ƙasa da kashi 2. Mutanen da aka ƙirga a waɗannan lokuta galibinsu su ɗin ne dai, ƙwarewarsu ba ta gushe dare ɗaya ba, himmarsu ma ba ta ragu ba, saboda haka dole a nemi dalilin wannan kai-komo a irin sana'ar da garin ya dogara a kai, da kuma hanyar da ake bi wajen ƙirga marasa aikin su kansu.

A tsarin ƙididdigar Amurka, abin da ake kira yankin birni shi ne gari mai aƙalla mutum 50,000, haɗe da gundumar da yake ciki da duk wata gunduma ta maƙwabta wadda jama'arta da yawa ke shigowa aiki cikinsa kullum, kuma Ofishin Gudanarwa da Kasafin Kuɗi da ke ƙarƙashin fadar shugaban ƙasa ne ke shata iyakokin irin waɗannan yankuna, waɗanda yawansu ya kusa 400. Manufar shatawar ita ce a kewaye kasuwar ƙwadago guda ɗaya, wato faɗin ƙasar da mutum zai iya sauya wurin aiki a cikinta ba tare da ya sauya gidan kwana ba. Yankin da ake magana a kai gunduma ɗaya ce tak, hedikwatar mulkinta na Goshen, babban garinta kuma Elkhart mai mutum kusan 54,000, sai ƙananan garuruwa irin su Middlebury da Nappanee da Wakarusa, kuma babban birnin Shikago na yamma da shi da tazarar kilomita kusan 160.

Ƙirgar marasa aiki kuwa tana da ƙa'idar da ta sha bamban da abin da mutum zai zata daga jin sunan kawai. Hukumar Ƙididdigar Ƙwadago ta Amurka tana dogara ne da binciken da ake yi kowane wata a gidaje kusan 60,000, inda ake tambayar duk wanda ya kai shekara 16 halin da yake ciki a makon da ranar 12 ga wata ta faɗo a cikinsa. Wanda ya yi aikin biya ko da na awa ɗaya ne a wannan mako, mai aiki ne a wurin hukumar. Mara aiki kuma shi ne wanda ba shi da aikin, yana shirye ya kama idan ya samu, ya kuma yi wani yunƙuri na zahiri wajen nema cikin makonni huɗu da suka wuce, ko kuma wanda aka sallama na ɗan lokaci yana jiran a sake kiransa. Waɗannan rukunai biyu idan aka haɗa su su ne ake kira rundunar ma'aikata, adadin rashin aikin yi kuwa shi ne kason marasa aiki a cikin wannan runduna. Sakamakon wannan ƙa'ida shi ne duk wanda ya gaji da nema ya haƙura ya zauna a gida ya fita daga lissafin gaba ɗaya, wanda aka rage wa kwanakin aiki daga biyar zuwa uku kuma yana nan a sahun masu aiki ko da abin da yake kaiwa gida ya ragu da kusan rabi. Don cike wannan giɓi hukumar na fitar da wani ma'auni mai faɗi da ke haɗawa da waɗannan mutane, wanda a ƙarshen 2009 ya kai wajen kashi 17 cikin 100 a ƙasar baki ɗaya, lokacin da adadin da aka saba ambata yake kashi 10.

Mai karatu a Nijeriya ya ga tasirin irin wannan ƙa'ida da idonsa, domin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana rashin aikin yi a kashi 33.3 cikin 100 a rubu'in ƙarshe na 2020, sannan a watan Agustan 2023 ta bayyana kashi 4.1 na rubu'in farko na wannan shekara, bayan ta koma bin ma'aunin awa ɗaya a mako maimakon awa 20 da take amfani da shi a da. Ayyukan yi ba su ƙaru da wannan yawa ba a tsakanin, sikelin ne aka sauya, kuma wannan ya isa ya sa mai hankali ya riƙa tambayar yadda aka ƙirga kafin ya yi murna ko baƙin ciki da kowane adadi.

Elkhart gari ne na masana'antu tun ƙarni na 19. A shekarun 1870 Charles Gerard Conn ya kafa masana'antar ƙera kayan busa na tagulla wadda ta sa garin ya yi suna a fagen kayan kiɗa, a 1884 kuma Dakta Franklin Miles ya kafa kamfanin magunguna wanda daga baya ya fito da maganin Alka-Seltzer, kafin kamfanin Bayer na Jamus ya saye shi a ƙarshen shekarun 1970. Akwai kuma babbar tashar rarraba taragon jiragen ƙasa da ke aiki har yau. Sana'ar da ta zo ta mamaye sauran ta faro ne a tsakiyar shekarun 1930, lokacin da mutane irin su Milo Miller da Wilbur Schult suka soma ƙera tirelolin da ake ja da mota waɗanda ke ɗauke da gado da wurin girki. Daga nan aka samu masana'antar motocin tafi-da-gidanka, waɗanda Amurkawa ke taƙaita sunansu da RV, wato motoci da tirelolin da aka ƙawata cikinsu da ɗakin kwana da kicin da banɗaki domin iyali su yi tafiyar hutu ba tare da kama ɗaki a otal ba. A yau kusan kashi huɗu cikin biyar na irin waɗannan motoci da ake ƙerawa a Amurka daga Indiyana suke fitowa, mafi yawansu daga wannan gunduma da maƙwabtanta, inda manyan kamfanoni irin su Thor Industries da Forest River da Jayco da Keystone suke, tare da masu samar musu da kayan haɗi irin su Lippert da Patrick Industries, da ɗaruruwan ƙananan kamfanoni masu yin tagogi da katifu da kabad da wayoyin lantarki. Kusan rabin ayyukan albashi na yankin a masana'antu suke, alhali a ƙasar baki ɗaya kason masana'antu bai kai kashi 10 cikin 100 ba.

Taruwar sana'a ɗaya a wuri ɗaya tana da amfani na gaske, kuma bai kamata a raina shi ba. Mai harhaɗa tirela yana samun duk abin da yake buƙata cikin tafiyar minti kaɗan, ma'aikacin da ya saɓa da ubangidansa yana tsallaka titi ya kama aiki a wani kamfani da ƙwarewar da yake da ita, kuma ma'aikacin da ya goge yana iya buɗe nasa ƙaramin kamfanin ya sayar wa tsohon ubangidansa kaya. Matsalar tana cikin irin hajar da ake sayarwa. Motar tafi-da-gidanka kayan marmari ce mai tsada, wadda farashinta ke kamawa daga dubban daloli zuwa ɗaruruwan dubbai, kuma babu iyalin da zai shiga wani hali don ya ɗage sayenta zuwa baɗi. Mafi yawan masu saye da bashin banki suke saye, dillalan da ke baje ta a filayensu su ma da bashi suke ɗauko ta daga masana'anta suna biyan kuɗin ruwa a kan kowace mota har ranar da aka saye ta. Ke nan cinikin ya rataya ne a kan abubuwa uku da babu ɗayansu da ke hannun mutanen Elkhart, wato kwanciyar hankalin mai saye game da gobensa, da tsadar bashi, da farashin man fetur.

Akwai kuma wani abu da ke ninka girgizar kafin ta iso masana'anta. Idan ciniki ya ragu kaɗan a wurin dillali, ba ya rage odarsa daidai da raguwar cinikin, dakatar da ita yake yi ɗungurungum har sai ya sayar da motocin da suka taru masa, domin kowace rana da suka ƙara a filinsa kuɗin ruwa ne ke hawa kansa. Masana'antar da ta ga oda ta tsaya sai ta tsayar da layin haɗi, masu kawo mata tagogi da katifu su ma su tsaya, daga nan abin ya gangara kan mai gidan abinci da mai gyaran mota da mai gidan haya. Lamarin ya yi kama da bulala, wadda ɗan motsin hannu a gindinta ke sa bakinta ya yi tsalle mai nisa, kuma Elkhart a bakin bulalar take.

Abin da ya faru a 2008 ya nuna yadda waɗannan abubuwa ke haɗuwa. Alƙaluman ƙungiyar masu ƙera waɗannan motoci sun nuna cewa an kai wa dillalai kusan guda 390,000 a 2006, adadin ya fara sauka a 2007, ya faɗo zuwa 237,000 a 2008, sannan ya tsaya a wajen 166,000 a 2009, wato ƙasa da rabin na shekaru uku da suka gabata. A tsakiyar 2008 farashin galan ɗaya na fetur ya haura dala 4, wanda ya sa mutane suka ja baya daga manyan motoci masu shan mai, kuma a watan Yulin shekarar kamfanin Monaco Coach ya sanar da rufe masana'antunsa na Wakarusa da Elkhart da Nappanee, abin da ya raba mutum kusan 1,400 da aikinsu. Bayan durƙushewar bankin Lehman Brothers a ranar 15 ga Satumba, bankuna suka ɗaure bakin jakarsu, mai saye ya rasa rance, dillali ma ya rasa. Kafin ƙarshen shekarar kamfanin Coachmen ya sayar da sashensa na waɗannan motoci ga Forest River, a watan Maris na 2009 kuma Monaco Coach da Fleetwood suka shigar da takardun karyewar jari a kotu. A cikin shekara ɗaya kacal aka tashi daga yankin da kusan kowa ke da aiki zuwa yankin da mutum ɗaya cikin biyar na rundunar ma'aikata ke neman abin yi, wanda ya ninka mafi munin adadin da ƙasar baki ɗaya ta gani a wannan rikici.

Nauyin bai sauka a kan kowa daidai ba. A jihar Indiyana inshorar rashin aiki, wato kuɗin da ake biyan wanda aka sallama ba da laifinsa ba daga asusun da kamfanoni ke zuba haraji a ciki, ba ta wuce dala 390 a mako, kuma a ƙa'ida makonni 26 ake biya, ko da yake gwamnatin tarayya ta tsawaita wa'adin a lokacin har zuwa makonni 99 a jihohin da abin ya fi tsanani. Ga ma'aikacin da ya saba samun ninkin wannan kuɗi, yana kuma biyan bashin gida da na mota, wannan tallafi rage zafi ne kawai, kuma asusun jihar kansa ya ƙare a ƙarshen 2008 har sai da ta ranci wajen dala biliyan 2 daga gwamnatin tarayya. Akwai kuma rukunai biyu da halinsu ya bambanta da na sauran. Na farko su ne Amish, wata al'ummar Kirista mai gudun kayan zamani, waɗanda ke hawa keken doki kuma karatun 'ya'yansu ke tsayawa a aji na takwas, kuma matsuguninsu na gundumomin Elkhart da LaGrange shi ne na uku a girma a Amurka. Ƙarancin gonaki ya tura mazajensu da yawa masana'antun tirela, kuma da yake al'adarsu ta fi karkata ga taimakon juna a kan karɓar tallafin gwamnati, da dama daga cikinsu sun koma kafinta da noman kayan lambu da ƙananan sana'o'in gida. Na biyu su ne 'yan asalin Meziko da sauran ƙasashen Latin Amurka, waɗanda suka haura kashi ɗaya cikin huɗu na mazauna Goshen, kuma duk wanda ba shi da cikakkun takardun zama a cikinsu ba shi da hakkin karɓar inshorar, sai dai ya jure ko ya bar garin. Wanda ya koma sana'ar gida da wanda ya tattara ya tafi duk suna rage adadin marasa aiki a takarda, ba tare da an buɗe ko gurbi ɗaya na sabon aiki ba.

Girman abin ya mayar da garin dandalin siyasar ƙasa. A ranar 9 ga Fabrairun 2009, makonni uku bayan rantsar da shi, Shugaba Barack Obama ya je makarantar sakandaren Concord da ke Elkhart domin neman goyon baya ga shirinsa na farfaɗo da tattalin arziki na dala biliyan 787, inda ya kafa hujja da tashin rashin aiki a yankin daga kashi 4.7 zuwa kashi 15.3 cikin shekara ɗaya. A watan Agustan shekarar ya koma Wakarusa ya sanar da tallafin dala biliyan 2.4 ga masu ƙera batura da motocin lantarki a faɗin ƙasar, kuma an yi ta fatan cewa wannan sabuwar sana'a za ta zama ƙafa ta biyu da yankin zai tsaya a kai. Fatan bai cika ba. Kamfanin Think na ƙasar Norwe, wanda ya buɗe wurin harhaɗa ƙananan motocin lantarki a Elkhart, ya karye a 2011 ba tare da ya ɗauki ma'aikatan da aka sa rai ba. Farfaɗowar da ta zo daga baya ta biyo ta tsohuwar ƙofa ce, domin kuɗin ruwa ya yi ƙasa sosai, fetur ya yi araha daga ƙarshen 2014, tsofaffin da suka yi ritaya da matasa masu son yawon daji suka koma saye, har adadin motocin da aka fitar ya haura 500,000 a 2017. Lokacin da Obama ya koma makarantar Concord a watan Yunin 2016, rashin aikin yi a yankin ya sauko zuwa wajen kashi 4.

Wannan lokaci na wadata ya cancanci a dube shi da kyau fiye da yadda aka saba, domin a cikinsa ne ake shuka matsalar gaba. A 2017 da 2018 kamfanoni sun rasa ma'aikata har suna ba da ladan kama aiki, suna ɗauko mutane daga gundumomin maƙwabta da kudancin Mishigan. Tsarin biya a yawancin masana'antun tirela na jinga ne, wato ana biyan rukunin ma'aikata gwargwadon yawan motocin da suka kammala, shi ya sa ake fara aiki tun kafin asuba ana yi da gudu domin a tashi da wuri, kuma matashin da ya gama sakandare yana iya samun abin da ya fi na malamin makaranta mai digiri. Aikin yana cin jiki, gwiwa da kafaɗa da baya ba sa daɗewa suna ɗaukarsa, amma ga ɗan shekara 18 lissafin a fili yake, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa manya masu digiri a gundumar ba su wuce kusan kashi ɗaya cikin biyar ba, alhali a ƙasar baki ɗaya sun kai kashi ɗaya cikin uku. Haka kuma duk wani kamfani na wata sana'a dabam da ya yi tunanin kafa reshe a yankin zai tarar babu ma'aikatan da suka rage, waɗanda ke akwai kuma ba zai iya biyansu abin da masu tirela ke biya ba. Ta haka shekarun da kuɗin faɗaɗa hanyoyin samu ke akwai su ne shekarun da babu mai jin buƙatar yin hakan, shekarun da kowa ke jin buƙatar kuma babu kuɗin. A nan ne ya kamata a yi hattara da ɗaukar kashi 2 a matsayin shaidar lafiyar tattalin arziki, tunda abin da ya haifar da shi, wato dogaro ga haja ɗaya, shi ne dai ya haifar da kashi 20.

Annobar korona ta maimaita zagayen cikin gaggawa. Rufe masana'antu a watan Afrilun 2020 ya kai adadin kusan kashi 30, ninki biyu na kashi 14.7 da aka bayyana wa ƙasar, amma da yake mutane sun guji jiragen sama da otal-otal, sai suka raja'a kan motocin tafi-da-gidanka, har aka fitar da sama da 600,000 a 2021, adadin da ba a taɓa kaiwa ba. Da babban bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa a watan Maris na 2022 domin yaƙi da hauhawar farashi, har ya kai shi sama da kashi 5 a 2023, sai cinikin ya sake karyewa zuwa wajen 313,000 a 2023, kusan rabin na shekaru biyu da suka wuce, rashin aiki a yankin kuma ya sake haurawa sama da kashi 4. An daɗe ana kallon cinikin waɗannan motoci a matsayin alamar gargaɗi ga ƙasar baki ɗaya, saboda ya faɗi gabanin koma-bayan 1990 da na 2001 da na 2008, sai dai faɗuwar 2023 ba ta zo da koma-bayan ƙasa ba, wanda ke nuna cewa alamar na iya nuna halin masana'antar kaɗai.

Masana sun kasa rashin aikin yi gida-gida, kuma sanin gidan da kowane gari ya faɗa shi ne ke nuna irin maganin da ya dace da shi. Akwai na sauyin aiki, wato ɗan lokacin da mutum ke ɗauka tsakanin barin wani wuri da kama wani, wanda ba ya ƙarewa ko a lokacin wadata. Akwai na yanayi, irin wanda ake gani a yankin El Centro na jihar Kalifoniya a kan iyakar Meziko, inda noman kayan lambu na hunturu ke ɗaukar mutane ya sake su, kuma adadin kan haura kashi 15 ko a shekarun da ƙasar ke cikin yalwa. Akwai na zagayen tattalin arziki, wanda ke zuwa idan ciniki ya ja baya ya kuma tafi idan ya dawo, kuma na Elkhart kusan dukkansa irin wannan ne. Sai kuma na tsari, wanda ke faruwa idan sana'ar kanta ta mutu ko ta yi ƙaura ta bar mutane da ƙwarewar da babu mai saye. Unguwar Kakuri a Kaduna misali ce ta wannan na ƙarshe, domin masaƙar Kaduna da aka kafa a 1957 ta tsaya a 2002, babbar masaƙar UNTL ta rufe a 2007, kuma matsalar wutar lantarki da tsufan injuna da kwararowar atamfofin waje masu araha sun hana ayyukan dawowa yadda suke. Abin da ya raba Elkhart da Kaduna shi ne tirela babba ce mai wuyar ɗaukowa daga ƙetare, harhaɗa ta kuma aikin hannu ne da ya dogara da masu kawo kaya na kusa, don haka masana'antar ta zauna inda take tana jiran masu saye, yayin da yadi ke shigowa daga ko'ina cikin kwantena.

Alƙaluman ƙaramin yanki suna buƙatar ƙarin taka-tsantsan a kan na ƙasa. Gidajen da binciken wata-wata ke kaiwa a gunduma mai mutum 200,000 ba su da yawan da za a dogara da su, saboda haka Hukumar Ƙididdigar Ƙwadago na haɗa ƙiyasi ne daga adadin masu karɓar inshora da rahoton albashi na kamfanoni da lissafin jihar, sannan ta sake gyara shi a shekara mai zuwa, shi ya sa adadin Maris na 2009 da aka fara bayyanawa a ƙasa da kashi 19 ya ƙaru bayan bita. Adadin gunduma kuma galibi ba a cire masa tasirin yanayi, don haka daidai shi ne a gwada Janairun bana da Janairun bara, ba da Disamban da ya gabace shi ba. Bugu da ƙari, ana ƙirga mara aiki ne a inda yake kwana, ana kuma ƙirga gurbin aiki a inda masana'anta take, ke nan dubban mutanen da ke shigowa Elkhart daga South Bend ko LaGrange ko Mishigan idan aka sallame su, a lissafin garuruwansu suke bayyana, kuma ainihin ɓarnar da rufe masana'anta ta yi ta fi abin da adadin Elkhart ke nunawa.

Shugabannin yankin ba su zauna haka nan ba. A 2012 'yan kasuwa da malamai suka kafa ƙungiyar Horizon Education Alliance domin ɗaga matakin ilimi tun daga yara har manya, daga baya aka ɓullo da tsarin koyon sana'a da ke haɗa ɗaliban sakandare da kamfanoni, a 2019 kuma aka buɗe cibiyar horar da masu gyaran motocin tafi-da-gidanka a Elkhart, sana'ar da ba ta tsayawa ko ciniki ya tsaya tunda motocin da aka riga aka saya suna buƙatar gyara. Waɗannan matakai na da kyau, amma 'ya'yansu na ɗaukar shekaru kafin su nuna, kuma a halin da ake ciki masana'antar ta ƙara dunƙulewa a hannun 'yan kamfanoni kaɗan, bayan Thor ya sayi Jayco a 2016 kuma Winnebago ya sayi Grand Design da Newmar, ta yadda shawarar da aka yanke a ofisoshi biyu ko uku ke iya taɓa dubban gidaje a mako guda. Kamfanonin kan fara ne da rage kwanakin aiki zuwa huɗu ko uku a mako da tsawaita hutun tsakiyar shekara da na Kirsimeti kafin su kai ga sallama, domin kada ƙwararrun hannu su kuɓuce musu, kuma duk wannan ba ya fitowa a adadin rashin aikin yi. Saboda haka masu bin lamarin a yankin suka fi sa ido kan yawan awannin da ake aiki a mako, da yawan motocin da ke jibge a filayen dillalai, da kuɗin ruwan da banki ke ɗora wa mai saye, domin waɗannan kan motsa watanni kafin adadin hukuma ya nuna cewa wani abu ya sauya.